Ɗan wake ya je boko: yadda nake yin gule mai zaƙi a ciki irin na mutanen Sulobakiya

Assalamu alaikum uwargida da amarya, har da maigidan da baya jin kunyar shiga kicin. Yau wani abu na kawo mana wanda na san da yawanmu ko sunansa bamu taɓa ji ba, nima ɗin da ban san shi ba sai da ƙanina ya dawo daga karatun likita a ƙasar Sulobakiya, shekara 6 yayi a wani gari da ake kira Koshitse can gabashin ƙasar, ya dawo ya ishe mu da zancen wani abinci wai shi gule. Duk ranar da ya leƙo gidana a Unguwar Rimi sai ya ce "Yaya dan Allah ki gwada min mana, ai ke ba abin da yake gagararki a kicin." Toh kin san mu da zuga, aka fasa min kai, na ce faɗo yadda ake yi in ji.

Abun dai shine, kwaɓi ne ake yi da dafaffen dankalin turawa da fulawa da ƙwai, a gutsuro a faɗaɗa a tafin hannu, a saka ɗan itace mai zaƙi a tsakiya a rufe a mulmula kamar curin fura, a jefa a ruwan zafi ya dahu ya taso sama sak yadda ɗan wake yake yi, sai a tsamo a juya shi cikin garin burodi da aka soya da bota, a barbaɗa suga. Cikakken sunansa a yarensu slivkové gule, gule ɗin yana nufin curi ko ƙwallo, slivka kuma shine ɗan itacen da suke sakawa, launinsa kamar ɗinya amma ya fi ta girma sosai, ya kusa ƙaramin ƙwai, yana da tsoka da ɗan tsami-tsami, ƙwallonsa kuma fita yake salin alin kamar na dabino. A watan Agusta zuwa Satumba yake nuna a can.

Ita ƙasar ƙarama ce a tsakiyar Turai, babban birninta Biratislaba a bakin kogin Danub, a da a haɗe suke da ƙasar Cek sai ranar 1 ga Janairun 1993 kowa ya kama gabansa. Mutanenta basu kai miliyan 6 ba, kin ga jiharmu ta Kaduna ma ta fi su yawa. Maƙwabtansu na Ostiriya da Hungari da Cek duk suna yin irin wannan abincin kowa da sunan da yake kiransa, kamar dai yadda muke masa da waina. Abun da ya fi bani mamaki shine su a wajensu wannan ba ƙwalama bace ta bayan an ci an ƙoshi, abincin rana ne sukutum, a sha romo da farko sannan a dire miki faranti cike da gule shikenan kin ci abinci, musamman ranar Juma'a da yake yawancinsu Katolika ne kuma tun asali basa cin nama ranar. Ni dai a gidana in na dire wa maigida wannan a matsayin abincin rana sai an yi shari'a, dan haka da la'asar nake yi, a sha da shayi.

Bara in fara da ɓarnar da na yi saboda kar ki maimaita. Farkon yi na, na fere dankali na yayyanka na dafa kamar zan yi fate, na tsane na daka shi da zafinsa a turmi, na zuba fulawa. Kwaɓi ya ƙi haɗuwa sai kama hannu yake, na ƙara fulawa, ya sake saki, na sake ƙarawa, har na kusa cinye rabin mudu, sannan na ajiye shi na tafi sallar la'asar na tsaya waya da ƙawata. Ina dawowa na tarar ya zama kamar ƙullin ƙosai. Da taurin kai na mulmula haka nan na jefa a ruwan da yake ɓararraka, wallahi minti 3 ba a yi ba tukunyar ta koma kunu, dabinon da na cusa a tsakiya yana yawo a ciki shi kaɗai. Ƙanin nawa ya leƙa tukunya ya ce "Yaya wannan kam ko a asibiti ba za a iya ceto shi ba." Kuskure huɗu na tafka a lokaci ɗaya, kuma duk sirrin abincin nan yana cikin kauce musu.

Dankalin shine uwa uba. Ki samu rabin kilo, kamar guda 5 ko 6 matsakaita, kuma ki nemi wanda ya kwana biyu da haƙa, mai gari, ba sabon haƙa mai ɓawo yana saluɓewa da yatsa ba dan shi ruwa ne fal a cikinsa. Na Jos ɗin nan da ake sayarwa a kasuwar Kawo ranar Talata ko babbar kasuwa duk yayi, kawai ki duba kar ki ɗauko mai kore-kore ko wanda ya fara tsiro. Ki wanke ki dafa shi da ɓawonsa, kar ki fere kar ki yanka, ɓawon ne yake hana shi shan ruwa. Kamar minti 25 zuwa 30, in kika soka wuƙa ta shige ba gardama toh ya yi. Ki tsiyaye ruwan, ki ɓare da ɗan ɗuminsa dan ya fi sauƙin ɓaruwa, sannan ki barshi a buɗe ya huce sarai. Su can tun jiya suke dafawa ya kwana, nima yanzu haka nake yi, in dafa da daddare in saka a firij, in kuma an ɗauke wuta in dafa da sassafe in shanya a tire in rufe da rariya har azahar. Lokacin zafi irin na Maris da Afrilu kar ki bar dafaffen dankali ya kwana a waje, zai yi yauƙi.

In ya huce, kar ki daka kar ki saka a bilenda, duka biyun danƙo suke jawo masa ya zama kamar sakwara. Abin goga kuɓewa zaki ɗauko, ta ɓangaren ƙananan hujin, ki goge shi a kan tire mai faɗi. Zaki ga yana zubowa siri-siri kamar taliyar hannu, a warware, in kika ɗiba kika saki baya manne wa yatsa. In kika ga haka toh kin ci rabin jarabawa.

Sai fulawa. Su a can fulawarsu kala uku ce, akwai mai laushi, akwai tsaka-tsaki, akwai mai tsaki-tsaki da suke kira hrubá, kuma da mai tsakin ake wannan kwaɓin. Mu tamu ta kasuwa mai laushi ce, dan haka nake sirkawa da semo, kofi 1 na fulawa, wajen giram 120 zuwa 130 kenan, da semo cokalin cin abinci 4. Ƙwai 1, gishiri ɗan kaɗan a bakin ƙaramin cokali. Ba a sa suga a kwaɓin, ba yis, ba bakin hoda, ruwa kuwa ko ɗigo. Amma tsaya, kar ki haɗa tukuna. Wannan kwaɓin ba ya jira, dankali yana haɗuwa da gishiri da fulawa yake fara sakin ruwa, duk minti ɗaya ƙara laushi yake, a zafin Kaduna kuwa abun ya fi sauri. Saboda haka komai sai ya zama a shirye kafin hannunki ya taɓa fulawa, abin cusawa yana gefe, garin burodi an soya, ruwa yana kan wuta, yara an kora su tsakar gida, waya an kife ta.

Toh me zamu cusa tunda bamu da slivka? Wani lokacin ana samun na waje a manyan shaguna amma tsada kamar me, kuma sau da yawa ba zaƙi ba ƙamshi. In kin samu mai kyau ki tsaga gefe ɗaya ki cire ƙwallon, ki zuba suga da kirfa rabin ƙaramin cokali a gurbinsa ki mayar ki rufe, haka suke yi. Ni dai dabino na riƙe. Mai laushi nake saya, in busasshe ne in jiƙa a ruwan zafi minti 10 in tsane in goge da tsumma mai tsabta, in cire ƙwallo in cusa soyayyar gyaɗa guda biyu ko gogaggiyar kwakwa. Lokacin hunturu in sitiroberin Jos ya shigo gari shima yana yi sosai, kuma su ma can suna sakawa, guda ɗaya a kowane curi, sai dai ki tabbatar ya bushe bayan wanki. Ayaba ma ba laifi. Mangwaro ne na gwada sau biyu ban ji daɗinsa ba, ruwansa yawa gareshi yana jiƙa kwaɓin ta ciki ya ɓule, sai dai in zaki dafa shi ya ƙafe tukuna.

Amma wanda ya fi kowanne, kuma shi ya sa ƙanina yayi shiru ya daina surutu, shine kwaikwayon abin da suke kira lekvár. Shi lekvár slivka ne ake zubawa a ƙaton kasko a yi ta dafawa ana tuƙawa da doguwar muciya awanni da yawa, a gargajiyance ko suga ba a sawa, har ya ƙafe ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri yadda in kika tsaida cokali a ciki ba zai faɗi ba. Duk wadda ta san maɗin ɗinya ta gane inda aka dosa, sai dai shi ya fi maɗi kauri kuma yana da tsami. Yadda nake nawa, dabino kofi 1 da aka cire wa ƙwallo, ruwa rabin kofi, ruwan tsamiya mai kauri cokali 2, kirfa kaɗan, a kan wuta ƙasa-ƙasa ina dannawa da muciya har ya narke ya haɗe ya fara barin gindin tukunya, kamar minti 15. Ki barshi ya huce ki ɗan shafa mai a hannu ki mulmula ƙanana kamar girman goro. Tsamiyar nan kar ki raina ta, ita ce take karya zaƙin dabinon, in babu ita guda biyu zaki ci ya gundure ki. Jam na kwalba kuwa ki barshi a kan burodi, ruwa ne, yana jin zafi yake narkewa ya tsiyaye.

Garin burodin da za a juya a ciki, burodin da ya kwana biyu zaki yayyanka ki shanya ko ki gasa sama-sama ya bushe ƙarau, ki daka ki tankaɗe, kofi 1 ya isa. Ki narka bota cokali 4 a kasko ki zuba garin kina juyawa ba tsayawa dan saurin ƙonewa gareshi, yana yin launin ƙuli-ƙuli ki sauke, sai ya ɗan huce ki zuba suga cokali 3 da kirfa. Man shanu yana yi, har ya fi bota ƙamshi a wajena, amma dan Allah ba wanda aka soya da albasa ba, na taɓa mantawa na saka, gule ya fito yana ƙamshin tuwo. Wani abu kuma, in kina duba girkinsu a intanet ki lura, wasu da kitsen alade suke soyawa, wasu suna ɗiga giya a cikin abin cusawar, mu ba ruwanmu da waɗannan kuma babu abin da yake raguwa.

Yanzu ki ɗora babbar tukunya mai faɗi da ruwa kamar lita 3 da gishiri ƙaramin cokali 1. Ruwan na ɗaukar zafi ke kuma ki barbaɗa fulawa da semo da gishiri a kan gogaggen dankalin, ki yi rami a tsakiya ki fasa ƙwan, ki tattaro da yatsu kina haɗawa kina dannawa a hankali. Ba murza irin ta cincin ko burodi ba, haɗawa kawai, minti 2 ya isa, da ya dunƙule ya daina kama hannu sosai ki tsaya. In yana kamawa ki ƙara fulawa cokali ɗaya ɗaya, amma ki ji tsoron yawan fulawa dan ita ce take mayar da shi roba. Ki mulmula shi dogo kamar muciya a kan tebur da aka barbaɗa wa fulawa, ki yanka gida 14 ko 16.

Ki ɗauki ɗaya ki ɗora a tafin hannun hagu da kika shafa wa fulawa, ki danna da yatsun dama ya yi faɗi kamar bakin kofin shayi, kaurinsa kamar rabin santimita, ki ajiye dabinon a tsakiya, ki tattaro gefe da gefe sama kamar zaki ƙulle kuɗi a bakin zani, ki matse bakin da yatsa biyu har layin ya ɓace, sannan ki mulmula tsakanin tafukanki. Ki ɗaga ki duba ta ko'ina, in kika hango duhun dabino ta wani waje toh wajen yayi siriri, ki ɗan manna kwaɓi ki toshe. Kar ki bar iska a ciki, kuma kar lekvár ɗin ya taɓa bakin da zaki matse dan in ya taɓa ba zai manne ba ko me zaki yi. Ki jera su a tire mai fulawa kar su taɓa juna.

Wajen dafawa ne ya bambanta da ɗan wake. Shi ɗan wake ruwa na tafasa da ƙarfi ake saki, shi wannan in ruwa ya tafasa sai ki rage wuta ya koma yana ɗan motsi kawai. Ki fara jefa guda ɗaya gwaji, in ya riƙe jikinsa toh bismillah, in ya fara zubar da gari sosai ki ɗan ƙara fulawa a sauran. Kar ki cika tukunya, 6 ko 7 a lokaci guda, ki sa muciya ki ɗan taɓa su daga ƙasa sau ɗaya saboda kar su kama gindi, kuma kar ki rufe tukunyar ruf. Bayan kamar minti 4 ko 5 zaki ga suna tasowa ɗaya bayan ɗaya suna juyi a saman ruwa, daga nan ki ƙirga minti 4 zuwa 5 kuma. Ki tsamo ɗaya ki raba biyu, in cikin kwaɓin ya dahu babu fari-farin ɗanyar fulawa a kusa da dabinon toh sun yi. Da matsami zaki kwashe, ki bari ruwan ya ɗige, kai tsaye cikin kaskon garin burodi, ki girgiza kaskon su yi ta birgima har kowanne ya sa riga. Ba a zuba musu ruwan sanyi irin na ɗan wake.

Bayan garin burodi suna barbaɗa wani ƙwaya baƙi ƙanana da suke kira mak, a niƙa da suga, ko wani ɗan itace nasu mai ɓawo da ake ci kamar gyaɗa, a daka shi, ko wani cuku mai laushi da suke kira tvaroh. Mak ɗin 'ya'yan furen nan ne da ake samun abin maye mai suna ofiyom daga jikinsa, shi ya sa ƙasashe irin su Saudiyya da Daular Larabawa suka hana shiga da shi, kar ki sa wani ya riƙo miki tsaraba ta Dubai ki jefa bawan Allah a bala'i. Riɗi soyayye da aka ɗan daka da suga ya wadatar, gyaɗa ma haka. Tvaroh kuwa kina iya yi da kanki, kindirmo mai kyau wanda ba a sirka da ruwa ba zaki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, kar ya tafasa, zaki ga ya tsinke ruwa ya ware gefe, ki juye a kyallen tatar koko ki rataye awa 2 ya tsane, ki marmasa a kan gule ɗin ki zuba narkakken bota da suga.

Ranar da na dace da shi na kai wa Mama Tudun Wada a kula, ta ɗauki ɗaya ta jujjuya ta gutsura, dabinon ya ɓullo yana turiri, ta tauna ta yi shiru sannan ta ce "ke 'yar nan, wannan ai ɗan wake ne ya je boko." Ta ce ba yaji ba mai ba albasa wannan wane irin rayuwa ne, amma fa guda huɗu ta ci ta ce a rufe mata sauran kar jikoki su gani.

Akwai ɗan'uwansa da ake turarawa, parené buchty, wanda in kin iya alkubus kin gama iyawa. Fulawa rabin kilo, madara mai ɗumi kofi 1 da ɗan ƙari, busasshen yis ƙaramin cokali 2, ƙwai 1, suga cokali 2, mai cokali 2, gishiri kaɗan. Shi wannan kam a murza shi sosai, a rufe ya tashi ya ninka, a garinmu minti 40 ma ya isa in ba hunturu ba. A murza da faɗi kaurin yatsa, a yanka murabba'i, a sa lekvár a tsakiya a tattaro kusurwa huɗun a matse, a kifa bakin a ƙasa a barshi ya sake tashi minti 15. Madambaci yana yi, su kuma tsofaffinsu kyalle suke ɗaurewa a bakin tukunyar ruwa, su shafa masa mai su jera a kai su kife da kwano ko wata tukunyar, wuta tana ci minti 10 zuwa 12 ba a buɗewa. Kina sauke su ki soka wa kowanne cokali mai yatsu tururin ya fita, in ba haka ba zasu shafke su yi tauri kina kallo. A kwarara bota a barbaɗa suga da riɗi, yaransu kuma da garin koko mai suna Granko suke so, ni Milo nake sa wa nawa.

Na dankalin da zafinsa ake ci, in ya huce yana ɗan yin nauyi. In ya ragu ki raba kowanne biyu washegari ki soya a bota ta ɓangaren da kika yanka har ya yi ja, maigida ma da yake cewa shi baya cin abin zaƙi wannan soyayyen yake nema da shayin safe. In kuma kina da firiza mai riƙe sanyi ki jera ɗanyun a tire su daskare sannan ki juye a leda, ranar da zaki dafa kar ki bari su saki, daga firiza sai cikin ruwan zafi, ki ƙara musu minti 3 a kan lokacin da na faɗa.